Sharon mai shan gas tana yanke ƙarfi a hanya: me zan yi a gida, kuma in sauya mata injin?

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne, ina zaune Mabera nan Sakkwato. Ina da Sharon 'yar 2003 mai shan gas, injin 1.9 TDI, giyar hannu, na saye ta 'yar Kwatano don ɗaukar iyali. Kwanan ga in na hau hanyar Tambuwal na taka totur zan wuce babbar mota, sai ta yanke ƙarfi, da ƙyar take kai 80. In na kashe ta na sake tayarwa sai ta dawo daidai. Tana baƙin hayaƙi, da safe sai an daɗe ana murza makulli, kuma da bazara allurar zafi na haurawa. Bakanikena ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, in abin ya ƙi a sa mata injin fetur. Mi ka kawo haka? Wane aiki ni ka iya yi da kaina a gida? In sauya injin ko in bari?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa iyali lafiya. Abubuwa huɗu ka lissafa, yankewar ƙarfi, hayaƙi, wahalar tashi da safe, da zafi, sannan ka ɗora tambayar da na san ita ta fi damunka, wato ko a cire injin. Bari in fara da ita a taƙaice: kada ka bari a taɓa injin nan tukuna. Duk alamomin da ka faɗa, a yawancin motocin irin taka da suka biyo ta hannuna, daga iska, mai da robobi suke fitowa, kuma kuɗin gyaransu bai kama ƙafar kuɗin sauya injin ba. Ban ga motar ba, ban ji kukanta ba, don haka abin da zan ba ka hanyar bincike ce, hukunci na ƙarshe sai an sa mata hannu.

Wace irin mota ce a hannunka

Motar da muke kira Sharon, Volkswagen Sharan ce. An fara ƙera ta a 1995 a masana'antar Palmela ta ƙasar Fotugal, tare da Ford Galaxy, sannan Seat Alhambra ta biyo baya. Jiki ɗaya ne, tambari ya bambanta, kuma wannan zai amfane ka a wurin masu kayan gyara, domin kayan injin gas na Galaxy da Alhambra na wannan zamanin suna shiga taka. A shekarar 2000 aka sabunta ta, aka kuma sauya tsarin injin gas ɗin. Na farko suna da injekta famfo guda ɗaya a gefen injin, irin wanda masu aikin famfo suka saba da shi. Taka ta 2003 ba ta da shi. Kowace silinda tana da nata ƙaramin famfo haɗe da nozul a cikin tof silinda, kamshaf ne yake danna su, kuma matsin man ya haura 2,000 a ma'aunin matsi da ake kira bar. Ana kiran wannan tsari PD. Idan wani ya buɗe bonet ya ce maka zai kai famfo a saita, ka san bai san injin ba, ka rufe bonet ɗinka cikin mutunci.

Injin ne mai ƙwari sosai. Amma an yi shi don ƙasar da babu ƙurar hunturu, babu zafin da ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, man gas ɗinsu kuma tatacce ne. Motar ta haura shekara ashirin, kowace roba a jikinta ta gasu.

Yankewar ƙarfi da baƙin hayaƙi

Wannan da ka ce in ka kashe ka tayar sai ta dawo daidai, shi ne ya fi komai ba ni haske. Injin da ya lalace ba ya warkewa don an murza makulli. Ƙwaƙwalwar motar ce ta ga iskar da tobo ke turawa ta wuce ko ta gaza abin da ta nema, sai ta rage mai da gangan don ta kare injin, ba za ta sake ba har sai an kashe an tayar.

Tobon motarka yana da ƙananan fikafikai a ciki waɗanda ke buɗewa da rufewa gwargwadon yadda ka taka totur. Iskar zuƙo ce ke jan su, ta cikin siraran tiyo na roba, ta hannun wani ƙaramin bawul na lantarki da ake kira N75. Motar da kullum daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa kasuwa, a giya ta biyu da ta uku, kunkunniya tana taruwa a kan fikafikan nan har su riƙa maƙalewa. A cikin gari ba za ka ji komai ba. Ranar da ka hau hanya ka buƙaci ƙarfi gaba ɗaya, fikafikan su ƙi buɗewa, iska ta yi yawa, ƙwaƙwalwa ta yanke. Idan aka sa mata kwamfuta, lambar da ta saba fitowa ita ce 17965, ma'anarta iska ta wuce ƙima. Idan 17964 ta fito, iska ce ta gaza, sai a nemi inda take zurarewa.

Kafin ka je ko'ina, ga abin da za ka yi a ƙofar gida injin na sanyi. Bi siraran tiyon nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, musamman bakinsu inda suka shiga bawul. Wanda ya bushe, ya tsage ko ya saki, a sauya shi, kuma ka riƙa cire ɗaya kana mayar da ɗaya don kada su rikice maka. Sai manyan tiyon iska da suka tashi daga tobo zuwa intakula, mai sanyaya iskar, a gaban mota, suka dawo injin. Duk inda ka ga damshin baƙin mai ƙura ta manne a kai, nan iska take fita, wani lokaci har za ka ji tana huci in an taka totur. Iska ta tsere, man bai samu abin ƙonewa da shi ba, shi ne baƙin hayaƙin da kake gani.

Sai matatar iska, wadda a garin nan ita ce ran motar. Littafin kamfani yana ba ta dubban kilomita masu yawa, amma da hunturu ni kowane mako biyu nake so a buɗe a duba. Ka fitar da ita, ka bubbuga ta a hankali, ka goge cikin akwatin da ɗanyen tsumma. Ina roƙonka kada ka kai wa mai faci ya hura ta da iskar injinsa. Ƙarfin iskar yana huda takardar, ido ba ya gani, ƙura kuma ta samu ƙofa zuwa tobo da ringi. In ka ɗaga ta ga rana haske bai ratsa ba, ta gama aiki. Daf da akwatin, a kan tiyo, akwai na'urar auna iska mai soket. In ta gaji motar takan yi nauyi kullum, ba sai a hanya ba. Gwajinta mai sauƙi ne: injin a kashe ka zare soket ɗin, ka tayar, ka ɗan zaga. In motar ta fi ƙarfi ko ba ta canza ba, ana zargin na'urar. Ka mayar da soket bayan gwajin.

Akwai kuma bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kason hayaƙi cikin injin. Hayaƙin yana haɗuwa da tururin baƙin mai ya zama kwalta a bututun shigar iska. Na sha buɗe wanda hanyarsa ta tsuke har yatsa biyu ba sa wucewa. Wankinsa sai an kwance shi gaba ɗaya an fitar waje. Kada a kankare shi yana jikin injin, dattin zai faɗa cikin silinda. In duk wannan ya yi daidai amma tana ci gaba da yankewa, to fikafikan tobo ne. Sau da yawa kwancewa da wankewa ya isa, ba sai an sayi wani ba. Bayan an gyara, ka riƙa ba ta hanya lokaci lokaci, ko zuwa Bodinga ne ko Gwadabawa, injin ya ɗauki zafi sosai ya yi aiki. Kuma in ka dawo daga doguwar tafiya ka bar ta ta yi silo na minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, saboda tobo ya huce.

Tashin safe

Mutane da yawa hita filogi, wato filogin da ke ɗumama silinda kafin a tayar, suke fara saya. A Sakkwato, ban da 'yan kwanakin tsakiyar hunturu, injin PD mai lafiya yana tashi ko hita ba ta aiki sosai. Abin da na fi samu shi ne iska tana shiga layin mai cikin dare, man ya koma tanki, da safe sai sitata ta yi ta juyi kafin ya hau. A kan matatar gas akwai wani ƙaramin bawul na roba mai kai biyu, da kilif, da ƙananan zobban roba biyu a ƙasansa. Ana sauya matata a manta da zobban, ko bawul ɗin ya tsage. Ka gwada kwana da motar hancinta na kallon gangare. In ta tashi da wuri washegari, ka kama ɓarawon.

Sauya matatar gas aikin gida ne. Ka yi wa tiyo alama kafin ka cire, ka cika sabuwar da gas mai tsabta kafin ka ɗaura, ka sa sababbin zobba. Abin da ya zubo daga tsohuwar ka tara a kwalba mai haske ka bar shi ya kwanta. In ka ga ruwa a ƙasa ko laka, ka sauya wurin shan mai. Gas ɗin jarka na bakin titi, wanda ba ka san ko an gauraya shi da kananzir ba, shi ne babban mai kashe nozul a wannan injin, domin man ne da kansa yake shafe cikinsu, kananzir kuwa ba shi da wannan santsin. Nozul ɗaya na PD kuɗinsa ya fi na matata goma. Kada kuma ka riƙa yawo da tanki a ƙasa, tankin lita 70 ne, ka riƙe shi sama da kwata.

Batir ma ka duba shi. Zafinmu yana cinye batir da wuri, injin gas kuma yana so sitata ta juya shi da sauri. Ka wanke kan batir, ka ɗaure shi tam. Tun da kana wurin, kusa da batir akwai ƙaramin baƙin akwatin fiyus mai manyan wayoyi. Sharan da Galaxy na bayan 2000 sun yi suna da narkewar wannan akwati, saboda bakin wayar da ta taso daga altaneta yana saki ya riƙa zafi. Ka buɗe, in ka ga roba ta yi ƙuna ko ka ji ƙauri, ka kai wa mai rewaya ya sauya akwatin da wayar tare. Akwatin kaɗai in aka sauya, sabon ma zai narke.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi: in ka ga baƙin mai yana ƙaruwa a sandar awo maimakon raguwa, ko yana warin gas, to gas na zuba cikinsa ta robobin nozul ko ta famfon da ke gefen tof silinda. Ka ajiye motar har a gyara.

Zafi, da maganar tamostat

A nan ban yarda da bakanikenka ba, ko da yake na san dalilinsa, kusan kowane gareji haka ake yi. Tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har injin ya ɗumama, a injin nan yana buɗewa a digiri 87, allura ta tsaya a 90, kuma a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. Da zarar ya buɗe ba ya tare komai. In an cire shi, da safe da lokacin hunturu injin ba ya kai zafinsa, gas ba ya ƙonewa tas, kunkunniya ta ƙaru, ta koma kan fikafikan tobo da EGR da muka gama magana a kansu. Ciwon da ya sa allura ke haurawa kuma yana nan, zai jira ka a hanyar Illela da tsakar rana. In tamostat ɗin ne ya maƙale, a sa sabo.

Ka fara da waje. A gaban motar, lagireton AC da na ruwa suna jere, tsakaninsu ƙura da ciyawa da fikafikan ƙwari suna toshewa. Ka wanke da tiyo mai ruwa a hankali injin na sanyi, ba da injin wankin mota mai ƙarfi ba, yana lanƙwasa haƙoran. Sai ka duba ko fanka na tashi in an kunna AC. In ba ta tashi, ka koma wancan akwatin fiyus. Sai murfin tulun ruwa: yana riƙe matsi ne don ruwan ya daɗe bai tafasa ba, in robarsa ta mutu ruwa zai riƙa ƙafewa ba tare da ka ga yoyo ba. Kada ka taɓa buɗe shi injin na da zafi, na ga hannayen da suka saɓule.

Sai abin da ake zubawa. Dubi cikin butar shayin gidanka, farin abin da ruwan rijiya ko na burtsatse ya bari a gindinta, shi yake bari a siraran hanyoyin lagireto. Injin nan kulan, wato ruwan sanyaya injin, mai launin ruwan hoda yake so, G12 ko wanda ya gaje shi, a gauraya da tataccen ruwa irin na batir. Kada a haɗa shi da kore ko shuɗi, in ba ka san abin da ke ciki ba a zubar a wanke a sa sabo.

In waɗannan sun yi, saura wata famfo, wato famfon da ke zagayawa da ruwa a injin. Da yawansu fankar cikinsu ta roba ce, takan saki daga sandarta, a silo ruwa na zagayawa, da gudu kuma ya tsaya. Injin na sanyi ka buɗe tulu, wani ya ɗan taka totur, ka ga ko ruwa na tsartuwa daga ƙaramin tiyon da ke dawowa. Ka leƙa ƙarƙashin motar kuma: akwai dogayen bututun ruwa da suka tafi hitar kujerun baya, da wata ƙaramar hita mai ƙona gas da aka sa don sanyin Turai. Gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara yakan ci waɗannan bututu kafin motar ta iso mu, kuma nan ruwa yake ɓacewa. Bakanike zai iya zagaye su da tiyo mai kyau. In kuwa da safe ka matsa babban tiyon lagireto ka ji shi tauri kamar an hura, ko motar tana amayar da ruwa in ta ɗauki kaya, to gaskit ɗin tof silinda ne, wannan ya wuce gida.

Juye

Ka iya yinsa da kanka, kuma na fi so ka yi, don ka san abin da ya shiga injinka. A jikin galan ka nemi lambar VW 505.01, yawanci 5W-40 ne. Dalili shi ne kamshaf ɗin nan yana ɗauke da aiki biyu, bawul da nozul, wurin da ya rage wa kowanne ya zama siriri, matsin da ke kansa ya yi yawa. Mai kauri na durom da ake aunawa da kwalba, wanda ake cewa ya fi dacewa da zafinmu, yana cinye kamshaf a hankali, sai ka ji injin ya fara wani bugu ta wajen matatar iska. In ba ka samu mai wannan lambar ba, ka ɗauki 5W-40 na kamfani sananne, galan a rufe da hatiminsa, ka kuma rage tazarar juye. Littafi ya ce kilomita 15,000 ko shekara. Da ƙurarmu da irin gas ɗinmu, ni tsakanin 5,000 da 7,000 nake sa mutanena su yi, da sabuwar matata kowane juye.

Injin yana cin kusan lita huɗu da rabi. Ka ɗumama shi kaɗan, ka tsaya a wuri mai daidai, ka kwance notin ƙasa da sifana 19. Kaskon man na alminiyam ne, in ka ɗaure da ƙarfin tsiya zaren zai tafi. Matatar ta takarda ce a cikin gwangwani mai murfi, ka sauya zobban robar da suka zo da ita. Kada ka wuce alamar sama a sandar awo. Kuma don Allah kada ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, motar ta haura tan ɗaya da rabi. A sa mata abin tokare mai ƙarfi, a tare tayoyi, yara su matsa. Tsohon man a tara a jarka, kada a zuba a kwata. Man birki DOT 4 ne, duk shekara biyu a sauya.

Abin da ba na gida ba shi ne taimin bel, bel ɗin da ke haɗa juyin kiranshaf da kamshaf. In ya tsinke fistin zai daki bawul, tof silinda ya tashi aiki. Gwargwadon shekara da irin injin, kamfani ya ba shi tsakanin kilomita 60,000 da 90,000, amma motar Kwatano ba ka da tabbacin lambar da ke kan agogonta, kuma zafi yana tsufar da roba ko ba a yi tafiya ba. In ba a sauya shi a gabanka ba tun da ka saya, wannan ya riga komai a jerin kashe kuɗinka. A sa bel, da tenshina, da rola, da famfon ruwa lokaci guda, tun da bel ɗin ne ke juya famfon. Ka tambayi mai aikin ko yana da ƙarafan kulle kamshaf da kiranshaf na wannan injin. Wanda zai yi da alamar fenti, motar za ta tashi, amma saitin kan kauce kaɗan, ta ƙara wahalar tashi da shan mai.

Injin fetur

Akwai gaskiya a shawarar. Yawancin Sharon ɗin haya da ke tashoshinmu fetur suke sha, don haka kayansu da masu gyaransu sun fi yawa, kuma litar gas ta daɗe tana fin ta fetur tsada. Amma ka yi lissafin duka. A hanya, motarka in tana da lafiya kusan lita 7 take sha a kilomita 100, mai injin fetur 2.0 kuwa da iyali da kaya tana kai 10 ko fiye. Sauyin kuma bai tsaya a injin ba: sai wayoyi, da ƙwaƙwalwa, da abin da ke gane makulli, da famfon tanki, da salansa, giyar gas kuma ba ta dace da juyin injin fetur ba. Motocin da aka yi wa wannan aiki rabi da rabi su ne suke dawo mana da fitilu a kunne, AC ba ya aiki, fanka a haɗe da waya.

Inda zan yarda a sauya shi ne in an buɗe murfin sama an ga kamshaf ya cinye, nozul sun gaji, tobo na zubar da mai, injin kuma yana hura hayaƙi ta bakin zuba mai, duka a lokaci guda. Ko a nan ma sai ka gwada farashin wani injin gas ɗin irinsa, wanda zai zauna ba tare da an yanka waya ko ɗaya ba. Kafin nan, ka kai ta a sa mata kwamfuta wurin wanda yake da na'urar da ke karanta Volkswagen, kuma kada a goge lambobin sai ka rubuta su da hannunka. Ka duba haruffa uku na injin a takardar da ke manne a murfin taimin bel, mai yiwuwa AUY ko ASZ za ka gani. Ka turo mini su da lambobin, da abin da ka gani a kwalbar gas ɗin, in gaya maka wanda za a fara kwancewa.